Rumena da Murhunan Maƙwabta

Duk wanda ya taso a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Veles ya san Rumena, ko bai taɓa ganin fuskarta ba, don ya ji ta. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu ake jin ta. Wani kawunta ne ya dawo daga ci-rani da tsohuwar jita mai lantarki, tsirkiya biyu sun tsinke, ya jingine ta bayan ƙofa ya manta da ita. Rumena ta ɗauka. Da wata ce, sai ta nemi mai koya mata. Ita kuwa cokalin shayi ta cusa tsakanin tsirkiyoyin, ta ƙure lasifika, ta ja wuƙar yanka burodi a kai. Abin da ya fito, sai da karnukan unguwa suka amsa.

Mahaifiyarta Spasa ta fito daga kicin da gudu, hannu duk fulawa.

"Ke Rumena! Mage kika taka, ko injin wankin ne ya sake tashi?"

"Waƙa ce, Mama."

"To, Allah ya ba waƙar lafiya."

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, kuma har yau waƙar ba ta warke ba.

Ba ta taɓa zama ajin kiɗa ba, ba ta taɓa zama ajin zane ba. Abin da ta iya, a bidiyoyin intanet ta tsinta, sauran kuma wurin lalata kayan mutane. Da rana tana aiki a shagon rubuta alluna, ita ce mai rubuta wa mahauta da masu aski sunayen shagunansu. Da yamma kuma sai ta hau rufin benensu da abokanta biyu, Tashko mai ganga, wanda ke tuƙa motar raba burodi, da Dobri mai babbar jita. Benen hawa shida ne, saboda haka suka sa wa ƙungiyarsu suna Hawa na Bakwai. Kiɗan rok suke yi, amma irin wanda ko masu son rok ɗin sai sun daure. Waƙa guda sai ta fara da kukan ƙofa, ta bi ta kan sarƙar keke, ta ƙare da Rumena tana ihu cikin bokiti.

Matan benen suka yi haƙuri har suka gaji, ranar nan suka haɗu suka koro su daga rufin. Wai shanyarsu ma tsoro take ji. Aka mayar da su ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, inda ake jibge tsofaffin kekuna da kwalaben da babu komai ciki. Sunan dai ba su canja ba.

In sun je wasa Skopje, babban birnin ƙasar, mutum goma sha biyar za ka ƙirga a ɗakin, biyar daga ciki mawaƙan da za su hau bayansu ne. Kowane faifai suka fitar, Rumena ce ke zana bangonsa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, babu biyu iri guda. Mutane su sayi faifan don bangon, su rataye a ɗaki, abin cikin kuwa ko sau ɗaya ba za su kunna ba. A intanet kuma kada ka kuskura. Wani ya taɓa rubuta mata cewa wannan ba kiɗa ba ne, haɗarin mota ne. Kafin mako ya zagayo ta buga maganar a gaban riga, da sunansa a ƙasa, ta sa ta hau dandamali da ita.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Dobri ya gaji, ya tafi Jamus aikin gini. Aka bar mutum biyu a ƙarƙashin ƙasa, da jita, da ganga, da warin danshi.

Wata yamma cikin watan Afrilu suna gwaji, waƙar ta ƙi. Tashko ya fusata ya yi jifa da sandar gangarsa. Sandar ta tafi can kusurwa ta daki wani abu cikin duhu.

Gummmm.

Ƙarar ta cika ɗakin, ta bi bango, ta shiga cikin Rumena ta tafin ƙafa. Ta tsaya cak.

"Mene ne wancan?"

"Murhun Teta Vaska ne. Don Allah kar ki faɗa mata."

"Sake jifa."

Murhunan mutanen benen ne na yin aivar, wato soyayyen markaɗen tattasai, guda tara, a jere kamar tsofaffi a layin asibiti. Kowanne ganga ce ta ƙarfe mai ƙafa uku, da faranti mai faɗi a sama inda ake gasa tattasai, da bututun hayaƙi. Sau ɗaya a shekara ake fito da su, lokacin kaka, a gasa tattasai, a ɓare, a niƙa, a soya, a cika kwalabe don hunturu, sannan a mayar da su su ci gaba da barci. Rumena ta bi su da sanda ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da muryarsa. Na Teta Vaska, wato Gwaggo Vaska, zurfi kamar rijiya. Na Chichko Metodi, wato Kawu Metodi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na hawa na uku, yana da tsaga a gefe, in ka buga sai ya yi zirrr kamar mai tsaki. Na Spasa siriri ne, ya daɗe yana kuka kafin ya yi shiru. Wutar shekara da shekaru ce ta lanƙwasa kowanne yadda ta ga dama.

Washegari Rumena ta bi gida-gida aro. Kowa amsa ɗaya yake ba ta: in Vaska ta yarda, mun yarda.

Teta Vaska ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma babu wanda ya zaɓe ta shugabar komai, amma ko igiyar shanya ba a ɗaurawa a tsakar benen nan sai da saninta. Ita ke sa ranar aivar. Ita ke ɗanɗana gishiri a tukunyar kowa, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Ta buɗe ƙofa ta dubi Rumena sama da ƙasa.

"Me za ki yi da murhu a watan Afrilu?"

"Kiɗa, Teta."

Vaska ta leƙa matattakala ta ɗaga murya. "Spasa! Fito ki ji, ciwon 'yarki ya kai ga murhu!" Sannan ta juyo. "Za ki huda shi?"

"A'a."

"Za ki taɓa saman da nake gashi?"

"Ko da yatsa."

"To saurara, 'yar nan. Ranar da tattasai ya shigo, murhuna yana tsakar gidan nan, da na kowa. Ko kina kwance a gadon asibiti, ki sa a turo ki da su."

"Na yi alkawari."

"Faɗi da ƙarfi. Kunnen nan ke kika kashe min shi tun kina rufi."

"NA YI ALKAWARI, TETA!"

"Yauwa. Duk bene ya ji."

Daga nan Rumena ta ɓace wa duniya. Ta ja wayoyin ƙarfe daga bakin kowane bututu zuwa ƙafar murhun, ta ɗaure su tamau, suka zama tsirkiyoyi. Ta manna 'yan ƙananan makirufo a jikinsu. Tashko ya ajiye gangunansa ya koma dukan murhu. Sai kuma ta haɗa fenti da kanta, da farar ƙasa, da jan yumɓu, da baƙin tukunya, da ƙwai, ta shiga zana fuskar kowane mai murhu a jikin murhunsa. Ba ta sa kowa ya zauna mata ba, ai fuskokin nan tun tana rarrafe take kallonsu. Duk zafin bazara a ƙarƙashin ƙasa ta yi shi. Ita kanta ta san ba ta taɓa yin abu kamar wannan ba. Wani lokaci sai ta ajiye burushi ta zauna a ƙasa tana kallonsu, su ma suna kallonta.

Ta saki ɗan gajeren bidiyo. Bai kwana biyu ba sai ga waya daga wata Isidora, mai shirya bikin kiɗa da zane a Skopje. Muryarta a sanyaye, irin ta mutanen da ba sa gaggawa.

"Asabar ta ƙarshen Satumba, babban zaure naki ne. Ki yi wasa, sannan murhunan su zauna mako guda a baje. Akwai baƙi daga ƙasashen waje, masu shirya bukukuwa. Akwai kuma wanda ya ga zanen yana tambaya."

Rumena ta kashe waya ta kurma ihun da har hawa na shida aka ji. Shekara talatin da shida a duniya, ba a taɓa kiranta ba, kullum ita ke roƙo. Kuma lissafinta ya fita daidai, don a tsakar gidansu ba a yin aivar sai Oktoba ta kama. Za ta je, ta dawo, ta cika alkawari.

Tashko ya yi murna, amma ya ja ta gefe.

"Rumi, gara ki ji daga bakina. Dobri ya samo min aiki, har tikitin mota na yanka. In wannan ma mutum goma sha biyar ne, na tafi. Na gaji da yi wa kwalabe kiɗa."

"Ba za ka tafi ba, sarkin raki."

"Mu gani."

Abin da bai shiga lissafin Rumena ba shi ne rana. Bazarar shekarar ta yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, tattasai ya nuna da wuri. Ranar Alhamis, ana jibi wasa, Rumena na naɗe murhu da tsofaffin barguna, sai ta ji ƙugin babbar mota a tsakar gida. Ta leƙa ta 'yar tagar da ke daidai da ƙasa. Buhuna ake saukewa, ja wur, har suna ƙyalli. Ƙafafun Teta Vaska cikin silifas suna zagaye su. Sai ƙafafun suka juyo suka nufo matattakala.

Vaska ta sauko tana magana tun daga sama. "Asabar za a yi. Lahadi an ce ruwa zai sauko ya kwana biyu, tattasan nan kuma ba zai jira ba, wasu har sun fara laushi. 'Ya'yan mutane na zuwa daga Skopje taya aiki. Fito min da..."

Ta tsaya a ƙafar matattakala. Ta ga fuskokin.

Ba wanda ya taɓa ganin Teta Vaska ta yi shiru haka. Ta bi layin a hankali. Ta tsaya gaban gashin bakin Metodi. Ta tsaya gaban Spasa. Da ta zo kan nata, ta sunkuya, ta daɗe.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Teta."

"Wannan hancin fa? Tattasai kika zana ko hanci?" Ta sake duban zanen. "Idon dai nawa ne. Na uwata ne ma." Ta miƙe. "Asabar da asuba a fito da su."

"Teta, Asabar ce wasan! Skopje! Mako guda kawai nake roƙo!"

"Mako guda? Ki je ki gaya wa tattasan."

"Shekara ashirin nake jiran ranar nan!"

"Ni kuma gida tara ne ke jiran hunturu. Na ce ki faɗi da ƙarfi, kin faɗi da ƙarfi. Ko ban ji daidai ba?"

Rumena ta bazama. Ta zaga unguwa neman aron wasu murhunan ta ba matan, amma wa zai ba ka aron murhu a makon aivar? Duk garin hayaƙi yake yi. Ta je kasuwa ta ga sababbi, ta dawo da albishir, matan suka yi mata caa. Kowace nata take so, wanda ta san wutarsa, ta san gefen da yake ƙona abu. Ta ce to bari ita ta tafi da sababbin, ta ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi kwas kamar kwanon sha. Ta kira Isidora.

"Za a iya hura wuta a zauren? In zo da matan da tattasansu gaba ɗaya?"

"Wuta? A cikin zaure? Rumena, kin ci abinci yau kuwa?"

Tashko ya kawo tasa shawarar ƙasa-ƙasa. "Motar burodi tana hannuna. Kafin kowa ya tashi mun loda mun kama hanya. In mun dawo mu sha zagi, ai ba yau aka fara ba."

Ba ta ce a'a ba. Wannan ita kanta ba ta ɓoye shi.

Juma'a da safe ta fito da niyyar ce masa to. Sai ta tarar da tsakar gida ta zama ja. Matan sun baje tabarmi da tsofaffin labule, suna wanke tattasai suna goge kowanne da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu yi wa jarirai wanka. Spasa na cikinsu, da ciwon bayanta, a kan 'yar kujera. Ta ɗago ta dubi 'yarta, ta mayar da kai. Da ma zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

Rumena ta koma ƙasa, ta kinkimo murhun mahaifiyarta ita kaɗai, ta dire shi a tsakar gida da wayoyinsa da komai. Ta cusa itace da haushi, ta ƙyasta ashana. In ƙonewa za su yi, gara ta gani da idonta tun yanzu.

Wuta ta kama. Farar ƙasar ta fara tsagewa a goshin zanen, baƙi ya taso daga haɓa. Rumena ta cije leɓe. Sai ƙarfen ya yi tik. Tik-tik. Tang! Ta kai hannu ta fizgi tsirkiyar, don dai ta ji ta karo na ƙarshe. Zafi ya saki wayar, muryar ta fito tana gangarowa ƙasa a hankali, tana nishi, tana rawa, kamar wani ƙaton abu ya juya cikin barci. Wata biyar tana dukan murhun nan, bai taɓa yin haka ba.

"Tashko!" Har tsuntsaye suka tashi daga kan waya. "Tashko, zo ka ji! Da sanyinsu muke ta bugawa! Ashe barci suke yi!"

Ta ɗora tattasai uku a sama. Fatar ta kumbura ta fashe, fus, fas, ruwan ya zubo yana cuuu. Tashko ya tsuguna ya kasa kunne, bakinsa a buɗe.

Ta je gaban Vaska tana haki ta faɗi abin da take so. Vaska ta saurara tana goge tattasai.

"Ba a kashe min wuta don kiɗa. Ba a taɓa saman murhu. Duk wanda ya shigo tsakar gidan nan aiki zai yi, ban da 'yan kallo. In kuma aivar ya kama ƙasan tukunya saboda haukanki, jitar zan sa a wuta."

"Na yarda!"

"Ke dai ba kya wahalar yarda."

Nan take Rumena ta ɗauki bidiyon fuskar mahaifiyarta tana cin wuta, da wannan nishin a bayanta, ta saki da rubutu: "Gobe ba Skopje. Veles, tsakar benenmu, tun safe. Zanen da na kashe bazara ina yi zai ƙone a gabanku, wanda bai zo ba ba zai taɓa ganinsa ba. Ku sa tsummokaranku, aiki za ku yi."

Isidora ta kira, kuma a wannan karon babu sanyi a muryar.

"Kin san abin da kika jefar? Na cire sunanki, dole ce. Mai son sayen zanen ya kira ni yana tambaya ko lafiyarki ƙalau."

"Ki ce masa ya zo ya ɓare tattasai."

Ta kashe waya.

Asabar gari na wayewa murhu tara suna tsaye a da'ira, hayaƙi na tashi. Tashko ya mayar da makirufo ƙafafun murhu inda zafi bai kai ba, sauran ya ɗaure su a ƙotar muciyoyi. Rumena ta rataya jita. 'Yan kallo: maƙwabta, 'ya'yansu, da kare guda. Tashko ya ƙirga da ido ya dube ta. Ta kau da kai ta fara.

Suna cikin waƙa ta biyu jirgin safe ya iso daga Skopje. Da farko mutum uku ne suka leƙo ta ƙofar tsakar gidan, cikin baƙaƙen kaya, suna duba waya. Sai goma. Sai hanyar tasha ta cika. Masu kitso, masu aski rabi, masu ƙarfe a hanci, wasu da yaren da ba a gane ba. Tashko ya daina ƙirgawa ya fara dariya, yana dukan murhun Metodi kamar zai fasa shi.

Vaska ta tare ƙofa da muciya.

"Kai mai ɗan kunne, zauna nan. Ga roba, ga tattasai, ka cire fata da 'ya'yan, kar ka sa ruwa. Ke kuma mai baƙin jan-baki, wa ya mutu? Je ki injin niƙa. Kai dogo, itace!"

Suka zauna kuwa. Mutanen da a Skopje ko kai ba sa gyaɗawa in ana kiɗa, ga su a kan kujerun yara, hannu ja har gwiwa, ido na hawaye don hayaƙi, kuma babu mai son tashi. Tattasai na fashewa a lasifika kamar harbi. Injin niƙa na gurnani. Tsirkiyoyi tara na gangarowa, kowacce da nata nishin, in an ƙara itace su ƙara zurfi. Rumena na yawo tsakaninsu, ta fizgi wannan, ta ja wancan da wuƙar burodi, jitar na kuka a kansu duka.

Fuskokin kuma suna tafiya. Kowa in nasa ya fara ƙonewa, sai ya ajiye aiki ya zo ya tsaya. Chichko Metodi ya ƙame ya sara wa gashin bakinsa lokacin da ya murɗe ya faɗi.

"Sai wata rana, abokina. Ka fi na gaske kyau."

Aka kwashe da dariya, wata mata ta hawa na biyu kuwa kuka ta yi sosai, don zanenta ya fi kama da 'yar'uwarta da ta rasu. Rumena ta tsaya kusa da ita ta sassauta jitar har fuskar ta gama tafiya.

Bayan azahar aka ɗora manyan tukwane, aka zuba markaɗe da mai, aka shiga tuƙi. Shi tuƙin aivar ba a tsayawa, awa da awanni, hannu ya gaji wani ya karɓa. Muciya tara suka shiga lasifika, shuu, shuu. Jinin Rumena ya hau. Ta ƙara sauri, Tashko ya bi ta, masu tuƙi ba su ma sani ba suka bi su. Aivar ya fara tsalle yana fallatsa, wani ya yi ƙara ya yarfe hannu, wata tukunya ta fara ƙauri.

Vaska ta fizge muciyar, ta kai baki daidai makirufon da ke jikinta, ba tare da ta san yana nan ba.

"A HANKALI, 'YAR BANZA! ABINCI NE!"

Maganar ta fita ta lasifika, ta daki bene, ta haye tasha. Tsakar gida ta yi tsit. Sannan Vaska ta sa muciya ta fara tuƙi irin nata, daga ƙasa, da nauyi, ba gaggawa. Shuuu. Shuuu. Sauran takwas suka daidaita da ita. Tashko ya dubi Rumena, ya ɗaga sanda, ya sauke ta a murhun Vaska daidai inda muciyar ke juyowa.

Gummmm.

Rumena ta ce daga baya, duk rayuwarta gudu take yi a kiɗa don kar a kama ta ba ta iya ba. Ranar nan ta bi tsohuwa a baya. Ta saki murya guda ta bar ta ta yi tsawo, ta ɗora wata a kai. Mutum ɗari da wani abu suna lilo tare, da jajayen hannuwa, tagogin bene duk a buɗe, har direban jirgin da ke wucewa ya danna ƙaho ya shiga cikin waƙar. Fuskar Vaska ce ta ƙarshe, don murhunta ya fi kauri. Tana tuƙi a kanta, fuskar na tsagewa a ƙasa, ko leƙawa ba ta yi ba. Sai da ta ɗebo a cokali ta ɗanɗana, ta ja muciya ta ga ƙasan tukunya ya buɗe bai rufe da wuri ba, sannan ta ɗaga hannu.

"Ya yi."

Rumena ta kashe jita. Ihun da ya tashi, ba ta taɓa jin irinsa ba.

Rana na shirin faɗuwa aka cika kwalabe, aka zo wurin da kowa ke jira: suɗe tukunya da burodi da farin cuku. A nan Rumena ta ga Isidora, tsugune gaban tukunyar Spasa, farar rigarta ta zama taswira, mai har haɓa. Ashe tun jirgin rana ta zo, da baƙinta biyu na ƙasar waje, Vaska ta kama su ta ba su ɓara.

"Har yanzu haushinki nake ji," in ji Isidora da cikakken baki. "Zaurena babu kowa. Waɗannan biyun suna son magana da ke. Baɗi kuma nan motar bikinmu za ta zo, in waccan matar ta yarda, don ni tsoronta nake ji."

Tashko na gefe da waya a kunne. "Dobri, ka ba wani aikin. A'a, ba na zuwa. To ka ji haushi mana! Kwalba nawa zan aiko maka?"

Zanen dai ya tafi, ba wanda ya saya, ba wanda zai saya. Rumena ta zaga murhunan da suka huce, duk baƙi ƙirin, ta shafa na mahaifiyarta, ta ɗan jima a wurin. A na Vaska ne kaɗai wani abu ya tsira, can gefe inda wuta ba ta kai sosai ba: kunne guda.

Yanzu Hawa na Bakwai sun yi wasa a garuruwan da Spasa ba ta iya faɗin sunansu, amma da jita da ganga da faifan muryar murhu, don murhunan ba sa fita ko'ina. Rumena na nan a shagon alluna rabin mako, tana kuma nan a intanet tana faɗa da duk wanda ya ce abin nata ba kiɗa ba ne. Kowane Afrilu tana sake zana fuskokin, kowace kaka a ƙone su, kuma ba wanda ke sanin ranar sai Teta Vaska ta ga tattasai. Masu shirya biki a ƙasashe uku haka suke zaman jiranta.

Kunnen nan kuwa Vaska ta hana a goge. Duk shekara a jikinsa ake ƙarasa sabuwar fuskar, kuma duk shekara sai ta sauko ƙasa duba aiki, hannu a ƙugu.

"Kin gani ko? Wanda kika kashe min ne ya ƙi ƙonewa. Yauwa, rage hancin nan."

"Haka yake, Teta."

"Rage shi, na ce."